Saura Ɗaya a Sama

Ashana biyu suka rage a cikin kwalin, sai Akur ta daina ƙyastawa. Ta riga ta ƙone kwando guda, ya ci bal-bal ya mutu tun kafin mijinta ya gama miƙa hannu ga wutar. Ta tumɓuko 'yan ciyayin nan masu rarrafe a kan dutse ta tula, suka yi ta hayaƙi suna ɗigar ruwa, ko ja ba su yi ba. Ga Ayong kwance a ƙarƙashin wani dutse mai rumfa, ƙafarsa ta hagu ta karye ƙasa da gwiwa, tufafinsa sharkaf da ruwan rafin da ya faɗa, haƙoransa sai kaɗawa suke yi. Jiya dusar ƙanƙara ta fara sauka, yau kuma gari ya waye tangararan da iska mai yankan kunne.

"Zan sauka in kira mutane," in ji ta.

"Waɗanne mutanen? Sun yi nisa."

"To zan samo itace."

"A nan?" Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da nishi. "Shukawa za ki yi, ki zauna jiran ya girma?"

"Ƙafa ta karye, amma bakin nan ko tsagewa bai yi ba."

Ta tuɓe masa jiƙaƙƙiyar rigar, ta kwance bargon da ta yafa ta naɗe shi a ciki, ta tura masa ragowar soyayyar masara kusa da hannu. Ta soke adda a ƙugu, ta rataya madaurin kwandon da ya rage a goshinta.

"Baban Dawi, kada ka yi barci. Kana ji na? Yi ta zagina in ka ga dama, amma kada ka rufe ido."

"Ke dai tafi," ya ce. Shekara shida ke nan ba ya kiran ta da komai sai "ke".

Kowace damina mutanen ƙauyenmu kan hau waɗannan duwatsu tonon macit, 'yar saiwar nan mai kama da tafarnuwa da fatake ke saye don magani. Tafiyar kwana biyar ce daga gida. Wanda ya taɓa hawa ya san yadda daji ke ƙarewa: manyan itatuwa su yi ta gajarta suna karkacewa, har su sallama gaba ɗaya. Daga nan sai hawan dutse tsirara na awa guda, a samansa kuma bishiya ɗaya tak. Tsohuwa muke ce mata. Tsawonta bai wuce kafaɗar mutum ba, iska ta rusunar da ita gefe guda, amma kakar kakar Akur ma a haka ta same ta. Daga ita zuwa sama babu inuwa, babu makamashi, babu mai rufa maka asiri sai abin da ka goyo a bayanka.

A jikin Tsohuwa akwai kogo. Duk mai hawa sai ya jefa 'yar sandar gora mai shaidar gidansu a ciki, ranar saukowa kuma ya zare abarsa da hannunsa. Ran da aka tashi daga zango, Kawu Asin, wan mahaifiyar Ayong, wanda ya fi kowa daɗewa yana hawa, shi ke zuwa ƙarshe. Ya zura hannu a kogon ya lalube, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Akwai saura a sama?" Jama'a su amsa, "Babu saura." In kuwa hannunsa ya taɓa sanda, to ba mai sauka sai an nemo mai ita.

Shekara shida da suka wuce hannunsa ya taɓa sandar Dawi, ɗan Akur da Ayong, shi kaɗai Allah ya ba su. Yana da shekara goma sha tara. Kwana tara aka yi ana nema, kwazazzabo bayan kwazazzabo, har ƙanƙara ta koro mutane. Ba a sami ko takalminsa ba. Ba wanda ya iya zare sandar, tunda mai ita ne kawai ke zarewa, don haka tun daga ranar amsar ta canza. In Kawu Asin ya tambaya, sai a ce, "Saura ɗaya." Akur ba ta da kabarin da za ta share wa ciyawa kamar sauran mata. Wannan sandar ce kawai, takan zura yatsa ta shafa ta sau biyu a shekara, ran hawa da ran sauka.

Shi kuwa Ayong sai ya ɗauki gaba da al'adar ɗungurungum. "Sanda ta dawo mini da ɗana?" Abin da yake faɗa ke nan. Shekarar farko Akur ta jefa tata, ya zaro ta a gaban mutane ya wurga a kwari. Tun daga nan su biyun ba su ƙara jefa sanda ba. Kawu Asin ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, ko a jikinsa. Ayong irin mutanen nan ne da in ka ce musu ga rami can, sai sun je sun auna zurfinsa da ƙafa. Kuma ya tsiri wata ɗabi'a: ran tashi, tun da sanyin asuba sai ya kwashe kayansa ba sallama, kowa ya ɗauka ya yi gaba don kada ya ji tambayar Kawu. Ba gaba yake yi ba. Sama yake hawa, zuwa kwazazzabon da aka yi wa Dawi ganin ƙarshe, wai akwai macit a wurin. Babu ko ɗaya. Ita ta sani, shi ma ya san ta sani, amma kowace shekara takan ɗauki matoninta ta bi shi, tana yin kamar tana tono, shi kuma yana leƙa ƙarƙashin duwatsu. Da yamma su cim ma ayari a bakin kogi. Yau santsin ƙanƙara ya kwashe shi a tsakiyar rafi, kuma babu mahaluƙin da ya san suna nan.

Gudu take yi, in ana kiran wannan gudu. Ta zame ta tashi, ta zame ta tashi, kwandon yana dukan bayanta. A sama numfashi ba ya cika ƙirji, sai ta ji kamar ta buɗe haƙarƙarinta da hannu. Ta fara biyawa ta zango, ko Allah zai sa wani ya makara. Wayam. An kwashe rumfuna, har sandunan an tafi da su. Ta bi murhu bakwai ɗaya bayan ɗaya tana tona toka da yatsu. Mutanenmu ba sa barin itace a sama. Da wuya suka goyo shi, don haka ran tashi sukan ƙone ragowar kaf, su dafa shayi su gasa jiki. Ta sami gawayi uku kamar kan yatsa, jiƙaƙƙu. Ta tsine wa tsimin mutanenmu, ta jefa su a kwando ta wuce.

Hantsi ya yi lokacin da ta iso wurin Tsohuwa. Sawun ƙafafu birjik a kan dusar ƙanƙara, duk sun nufi ƙasa, har sun fara daskarewa. Ta hau kan wani dutse ta kurma ihu.

"Kawu! Kawu Asin! Jama'a!"

Iska ta kwashe muryar ta yi sama da ita. Ta sake, ta sake, har maƙogwaronta ya fara ɗanɗanon jini. Ko tsuntsu bai amsa ba.

Ta tsaya tana haki tana lissafi, lissafin kuma ya ƙi fita ta kowace fuska. In ta bi mutane, ba za ta cim musu ba sai bakin kogi, kafin su hauro rana ta faɗi, Ayong ya sandare. In ta sauka daji neman itace, awa guda sauka, kusan biyu hawa da kaya a kan dutse mai santsi, sannan ga hawan da ke tsakanin nan da inda ta bar shi. Ga shi an yi wata uku ana zuba ruwa, itacen daji duk ya sha ya ƙoshi, ashana biyu ba za su tayar da shi ba. Ta duba ƙasa, can nesa, inda daji ya yi baƙi ƙirin: itace iya ganinka, ba ya amfanar ta da komai. Ta juyo. Tsohuwa tana nan a gabanta, jikinta duk ƙaro, irin ƙaron da ke kama wuta ko a cikin ruwan sama.

Ta ja da baya kamar wani ne ya raɗa mata ta sare ta.

"A'a," ta ce. "Wayyo Allah, a'a."

Ba a karya ko reshen Tsohuwa. Ba doka ba ce da wani ya kafa, ba a dai yi ne. In ta faɗi, wata ba za ta tsaya a gurbinta ba a zamanin jikoki, ko jikokin jikoki. Akur ta kama hanyar daji, ta yi taku goma, ta tsaya. Ta tuna yadda laɓɓansa suka yi shuɗi lokacin da za ta taho. Ta dawo ta durƙusa a gindin bishiyar.

"Tsohuwa, ki yafe mini. Kin riƙe mini ɗaya shekara shida. Kada ki sa in kawo miki na biyu."

Mu 'yan majami'a ne, fasto ya sha gaya mana bishiya ba ta ji, amma babu wanda ya taɓa wuce Tsohuwa bai gaishe ta ba, har shi faston.

Ta zura hannu a kogon. Sandar Dawi ta manne, ƙaro ya bi jikinta shekara da shekaru ya lulluɓe ta. Da bakin adda ta ɓamɓaro ta a hankali. Ga shaidar nan, tsaga uku da gicciye, Ayong ne ya sassaƙa masa da hannunsa ran da yaron zai fara hawa. Ta cusa ta cikin riga, tsakanin fata da zane, ta ce, "Kai za ka bi ni gida." Sannan ta miƙe ta ɗaga adda.

Sarar farko addar ta yi tsalle ta dawo, kamar ƙarfe ta sara. Kaurin gindin bai fi cinyarta ba, amma sanyin shekaru ya matse shi ya yi tauri. Ta yi ta sara ba ji ba gani, tana kuka tana sara, tafin hannunta ya yi bororo ya fashe, ƙotar addar ta yi santsi da jini. Ƙamshin ƙaro ya cika wurin. Da bishiyar ta kwanta ko ƙara ba ta yi sosai ba, abin da ya fi ci wa Akur rai ke nan. Ta daddatsa gindin, ta cika kwando, ta ɗaure ɗanyun rassa a sama har suka fi kanta tsawo.

Hawan komawa ba ta san yadda ta yi shi ba. Madauri ya nutse a goshinta, wani wurin da rarrafe ta wuce. Tana tafe tana yi wa Ayong faɗa a fili, duk maganar da ta haɗiye shekara shida. Mai taurin kan tsiya. Kai kaɗai ka haifi ɗa? Kai kaɗai ka san zafi? Ka mutu ka gani, ko hawaye ba zan yi maka ba. Sai kuma ta koma roƙo: Ubangiji, ka bar mini shi, ko da ba zai ƙara yi mini magana mai daɗi ba har abada.

Rana tana tsaka ta iso. Ayong ya daina karkarwa. Duk wanda ya san dutse ya san wannan ba sauƙi ba ne. Ya ture bargon rabi, idonsa a lumshe, fuskarsa ta saki kamar ta mai jin daɗi.

"Baban Dawi!"

"Yanzu Dawi ya wuce ta nan," ya ce a hankali, harshensa ya yi nauyi. "Ya ce in biyo shi. Ba sanyi a can."

Ta wanka masa mari. Shekara ashirin da bakwai suna tare ba ta taɓa ɗaga masa hannu ba, yau ta yi har sau biyu.

"Ba inda za ka! In ya sake zuwa ka ce masa uwarsa ta hana."

Ta juya wa iska baya, ta fiƙe siraran ɓawo daga itacen ta tara, ta ɗora gawayin nan uku. Yatsunta sun ƙi lanƙwasuwa, da ƙyar ta riƙe ashanar. Ta ƙyasta. Wuta ta lashi ɓawon, ƙaro ya yi ɗan tsartsatsi, sai danshin ƙanƙarar da ke jikinsa ya rinjaya. Wani siririn hayaƙi ya tashi, shi ke nan.

Saura ɗaya. Ta lalube jikinta tana neman wani abu busasshe, ko zare ne. Zanenta ya jiƙe da gumi da ƙanƙara. Kwando ya sha ruwan rassa. A duk faɗin dutsen nan abu ɗaya ne busasshe, kuma tana jin tokarinsa a ƙirjinta tun daga ƙasa.

Ta zaro ta. Ta yi ɗumi da zafin jikinta. Ta ɗora ta a kan dutse ta saita bakin adda.

Marin ya ɗan dawo da Ayong cikin hayyacinsa. Ya ga rassan, ya shaƙi ƙamshin, sannan idonsa ya sauka kan tsaga uku da gicciye. Ya yunƙura zai tashi, zafin ƙafa ya mayar da shi.

"Ke! Ta Dawi ce!"

"Na sani."

"Kada ki taɓa ta. Don Allah. Ki bar ni, na yarda. Ita kaɗai ta rage mana."

"Ba kai ka ce sanda ba ta da amfani ba?"

"Ƙarya nake yi," ya ce, hawaye na bin gefen kunnensa. "Duk ran hawa, in kin yi gaba, sai na koma na taɓa ta."

Hannunta ya tsaya. Shekara shida kowannensu yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu ɗaya. Ta ji kamar ta kwanta a nan kusa da shi, su rungume sandar su uku, abin da zai faru ya faru. Ba ta taɓa son wani abu a duniya kamar yadda ta so wannan a lokacin ba. Ta dubi laɓɓansa.

"In ka mutu, da wa zan riƙa tuna shi?" ta ce. Ta danna addar.

Gorar ta tsage da ɗan ƙara. Ta tsattsaga ta sili-sili, ta jera, ta kare da jikinta duka, ta ƙyasta ashanar ƙarshe. Gora busasshiya mai ƙaron shekara shida ba ta yi gardama ba. Ta kama farat ɗaya, ta busar da ɓawon ta cinna masa, ɓawon ya cinna wa itacen. Akur tana hura wuta tana kallon shaidar tana yin baƙi, tsaga ta farko, ta biyu, ta uku. Ayong ya juya fuskarsa ga dutse ya yi kukan da bai yi ba ran da aka daina nema.

Da wutar ta yi ƙarfi ta jawo shi kusa, ta yi ta murza masa ƙirji da hannaye har karkarwar ta dawo. Ba ta taɓa murnar ganin mutum yana rawar sanyi ba sai ranar. Sannan ta ja wani ɓangare na wutar waje, ta tula ɗanyun rassa a kai. Hayaƙi fari mai kauri ya turnuƙe ya miƙe sama. Daga bakin kogi, inda ayari ke yada zango su ci abinci, ana hango wannan gefen dutsen, in dai wani ya ga damar waiwayowa. Ta zauna tana ƙara rassa ɗaya-ɗaya, tana kallon tulin yana raguwa, rana kuma tana gangarawa.

Reshe biyu suka rage lokacin da ta ji kiran. Maza shida ne, da Kawu Asin a bayansu yana dogara sanda, kowanne da damin itace da bargo. Hayaƙi a dutsen da aka ce babu kowa, ba sai an yi musu bayani ba. Sun wuce ta wurin kututturen a hanya, don haka ba wanda ya tambayi inda aka samo wuta. Ɗaya daga cikinsu dai ya kasa haɗiyewa.

"Yaya Akur, Tsohuwa fa? Badi a ina za mu sa sandunanmu?"

"Ni na sare ta," ta ce. "In akwai hukunci, a kaina yake."

Kawu Asin ya cire hularsa ya daɗe yana kallon wutar. Bai ce ta yi daidai ba, bai kuma ce ta yi laifi ba. Ya durƙusa ya duba ƙafar, ya sa aka ɗaure ta da tsagin gora.

A nan suka kwana. Da safe suka haɗa makara da sanduna da barguna suka ɗora Ayong.

"Ɗan ƙanwata," in ji Kawu, "kai da ka fi ƙarfin 'yar sanda guda, yau ga ka a kan manya huɗu."

Aka ɗan yi dariya, har shi Ayong ɗin. Amma da suka iso inda Tsohuwa take, dariya ta ɗauke. Kututture ne kawai, fari, yana tsatsafar da ƙaro, ga ɓarɓashin sara warwatse a kan ƙanƙara. Babu abin da ya tsaya tsakanin mutum da iska. Masu makara suka ajiye ba tare da an ce su ajiye ba. Kawu Asin ya matsa, hannunsa ya tafi da kansa inda kogon yake a da, ya sami sarari. Ya mayar da hannun a hankali. Duk da haka ya gyara tsayuwa ya fuskanci sama, kamar yadda ya saba shekara arba'in.

"Akwai saura a sama?"

Bakin kowa ya buɗe da amsar da aka saba, ba wanda ya iya furta ta. Suka sunkuyar da kai. Iska tana ta kaɗa gefen bargon makara.

"Maman Dawi," in ji Ayong daga kwance. "Ke za ki amsa."

Ta waiwaya ta dubi kwazazzabon can sama, inda ƙanƙara ta riga ta rufe sawunsu. Ta dafa ƙirjinta, wurin da sandar ta kwanta jiya.

"Babu saura," ta ce.

Kawu Asin ya mayar da hularsa. Mazan suka ɗaga makara, ita kuma ta gyara madauri a goshinta ta bi bayansu tana kuka, ba wanda ya ce ta yi shiru har suka shiga daji.